Inda Muka Rataye Rauta a Gidanmu

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki, amma mu a Babura mun daɗe muna jin labarinta kafin mu more ta. Garinmu na bakin iyaka ne, Magarya ta Nijar tana arewa da mu, kuma ko bayan an kafa ƙarafan sabis, wanda ya nufi ƙauyukan kan iyaka yakan ga wayarsa ta kama layin Nijar ba tare da ta yi shawara da shi ba. A shekarun nan ne, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, maganar kwamfuta ta cika Jigawa, aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure. Yayana ya yi karatu a can. A hannunsa na fara ganin kebul ɗin haɗa kwamfutoci, mai siraran wayoyi takwas a ciki, an murɗe su biyu-biyu, kowace da launinta. Ya nuna mini yadda ake jera su a matse kan, ya ce kada tsawonsa ya wuce mita 100. Ina yaro, na haddace, alhali babu kwamfuta ko ɗaya a gidanmu.

Daga baya ɗan modem ya zo, wanda ake sa wa layi a soka a jikin kwamfuta. Na mutum ɗaya ne. Wanda yake riƙe da shi shi ke da intanet, sauran sai kallo.

Rauta kuwa sai a ranin 2019 na sayo ta a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Saita ta bai ba ni wuya ba. Na sa layi, na kunna, na haɗa wayata da ita, na rubuta lambobin da ke manne a ƙarƙashinta, 192.168.8.1, shafinta ya buɗe. Na sauya kalmar sirrin shiga shafin, domin wadda take zuwa da ita kowane mai gyaran waya ya san ta. Na sauya sunan wayfay ɗin, na sa masa tasa kalmar, wadda ba ta karɓuwa in ta gaza harafi takwas. Sannan na kashe mata yawon kama layin wata ƙasa, abin da mutumin Kano ba ya ma tunawa da shi, amma ɗan Babura dole ya duba.

Inda aikin yake shi ne wurin ajiye ta. Duk gidajen abokaina da suka riga mu, a zaure ko a shagon samari ake ɗora ta, saboda nan mai ita yake kwana, nan kuma ake hira. Ƙannena maza ma haka suka so. To gidanmu ginin ƙasa ne na da, katangarsa mai kauri, daga zaure sai soro na biyu, sai kwana, sannan tsakar gida. Saƙon wayfay yana raguwa duk bangon da ya ratsa, kuma jar ƙasa mai kauri tana shanye shi sosai, balle da damina in ta jiƙe. Rautar tana watsawa ta hanya biyu: mai lamba 5 ta fi sauri amma ba ta jure bango, mai lamba 2.4 ta fi nisa. Ko da ta biyun, na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na ga sanda ɗaya tana zuwa tana tafiya.

Inna tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "Wannan abin naku, na maza ne kaɗai?"

Na ce, "A'a Inna, na gida ne."

Ta ce, "To ni ina son in riƙa ganin Yayarku."

Yayarmu tana aure a Damagaram, kiran waya zuwa can kuma yana cin kati. Ƙanwata tana sayar da turaren wuta da humra, tana son sa hotunan kayanta a WhatsApp. Wata kuma tana shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kawai ake yin ta. Inna da ƙannen nan biyu duk ba masu zama a zaure ba ne, kuma ba za su fito su tsaya cikin baƙin maza don neman sabis ba. Har yau ina jin zafin yadda ake kashe kuɗi a sayo na'ura, a ce ta gida ce, a ajiye ta inda rabin gidan ba ya takawa.

Baba ya yi jim da na kai masa maganar. Damuwarsa yara ce, da abin da za su gani. Na nuna masa cewa shafin rautar yana lissafa kowace waya da ta hau, ana iya cire wadda aka ga dama. Ya ce, "To, ka sa ta inda kowa zai samu, amma in an yi Isha'i da awa ɗaya a kashe." A kan haka muka tsaya.

Na rataye ta a rumfar tsakar gida, sama da tsayin mutum, nesa da madafa, ta fuskar da sandunan sabis suka fi cika. Ban manna ta da kwano ba, domin a Afrilu zafin Babura yakan haura digiri 40, kwanon kuma ya ƙara nasa, na'urar ta yi zafi ta riƙa yankewa. Wuta ma sai da na yi mata dabara. Bolt 12 take ci, don haka na haɗa ta da ƙaramin batir da faifan sola, ko an ɗauke wuta tana aiki. Da hunturu ina goge ƙurar da ke toshe ramukan shan iskarta, da damina kuma in hadari ya haɗo da tsawa, ƙanwata ce ke zare ta.

Sai maƙwabta. Kalmar sirri ba ta ɓoyuwa a unguwar da ake aiko yaro ɗiban wuta da aron turmi. Cikin mako guda samari suka fara jingina da katangarmu bayan Magariba, datar wata ta ƙare tun watan bai raba ba. Baba bai yarda a kore su ba, ya ce maƙwabci yana da haƙƙi. Sai na buɗe layin baƙi, wanda yawancin rautoci suke da shi, da suna daban da kalma daban, na rage yawan wayoyin da za su hau a lokaci ɗaya. Na kuma bi wayoyin gida na hana su sabunta manhajoji da sauke bidiyo da kansu, domin su ke cinye data a ɓoye.

Yanzu abubuwa sun sauya. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a Babura, a farkon 2023 kuma Starlink ta fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Ko an ɗora farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, a ƙasa rauta ce za ta raba, bangon ƙasa kuma yana nan da kaurinsa. Idan aka kira ni saita wa wani gida, nakan nemi izinin shiga ciki in auna sabis a ɗakunan mata tukuna. In gidan babba ne, nakan ja kebul daga tsakar gida zuwa zaure, in sa wa maza ƙaramar rauta ta biyu a can.