Daga Agege Zuwa Dajin Mole

Da na gaya wa 'yan majalisarmu a Agege cewa zan tafi Gana kallon namun daji, wani dattijo ɗan goro ya yi dariya ya ce, "Malam, kakanninmu Gwanja suke zuwa su dawo da goro, kai kuma hoton giwa za ka kawo mana?" Ashe wurin ma ɗaya ne: gandun dajin Mole yana cikin ƙasar Gwanja, kusa da Damongo, kuma shi ne mafi girma a Gana.

Hanya ba ta da wani sirri. Fasfon ECOWAS ya raba ka da biza, amma ka riƙe katin rigakafin shawara, don ana tambayarsa a kan iyaka, a Seme da Aflao. Hausa kuwa ta fi canjin kuɗi amfani. A zangon Kumasi ita ta samo mini masauki.

Daji ne ya koya mini abin da Legas ta hana ni, wato jira. Da rani ake zuwa, lokacin da ruwa ya janye, ciyawa ta kwanta, dabbobi suka koma tafkin da ke ƙasan tudun masaukin gandun. Da sassafe muka fita a ƙafa bayan wani ma'aikacin gandu mai bindiga. Ya tsuguna ya taɓa kashin giwa da bayan hannu, ya ce da ɗumi, ba su yi nisa ba. Ya ɗebi ƙura ya saki don ya ga inda iska ta nufa, sannan ya zagaya da mu ta inda ba za su ji ƙanshinmu ba. Muka tsaya har ƙafa ta gaji. Can sai ga toron giwa yana ɓalle reshe, kunnuwansa na kaɗawa. Wani a cikinmu ya matsa zai ɗauki hoto, ma'aikacin ya riƙe masa riga bai ce uffan ba. Wannan mutumin, a ganina, ya fi cancantar kuɗin da muka biya fiye da ɗakin kwana.

A masauki kuwa, gwaggon biri dai ɓarawo ne. Kada ka bar ƙofa a buɗe.

A hanyar dawowa na tsaya ganin tsohon masallacin Larabanga, inda wani ya tambaye ni ko giwayen Yankari sun kai nasu girma. Tun 1962 aka buɗe gandun dajin Yankari ga masu ziyara, a Bauci, ba iyakar da za a tsallaka, amma a majalisarmu kaf ba wanda ya taɓa zuwa. Mun fara adashi don hunturu mai zuwa.