Gudu Cikin Shinge: Kallon Tseren Motoci a Jidda

Bahaushe mutum ne mai son gudu, ko da yake bakinsa ba ya yarda da haka. In ka bi karin maganarsa sai ka ɗauka babu mai natsuwa kamarsa: sauri ya haifi nawa, tafiya sannu sannu kwana nesa, gaggawa aikin Shaiɗan. Amma a je ƙofar fada ranar hawan salla, sa'ad da mahaya suka saki linzami za su yi jafi, a ga wanda zai tuna da waɗannan maganganu. Da mota ta zo ƙasar nan sai ta gaji doki a wannan sha'awa. Tseren motoci ma ba baƙo ba ne sarai a wurinmu, domin an daɗe ana haɗa shi da bikin kamun kifi na Argungu, kuma a shekarun 1980 motocin tseren Faris zuwa Dakar sun sha ratsa Agadas. Sai dai duk waɗannan a kan hanya ko a sarari ake yinsu. Fagen da aka gina musamman don mota ta nuna iyakar ƙarfinta, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa shiga.

Ni ma ba dabarata ce ta kai ni ba. A watan Maris na 2023, wato 1444 bayan Hijira, na raka mahaifina umarar azumi daga garinmu Doguwa, muka isa saura 'yan kwanaki a ga wata. Muka sauka a Jidda gidan wani kawuna, cikin Hausawan nan da kakanninsu suka zo aikin hajji a ƙasa suka zauna. Ɗansa ne ya samo tikiti biyu a wurin aikinsa, ya ce, "Yaya, tashi mu je ka ga abin da ba a yi a Falgore." Mahaifina ya dube mu ya ce ai mun zo ibada ne, amma tunda ba mu ɗaura harami ba, mu je mu dawo.

Fagen yana bakin Bahar Maliya, siriri ne dogo, ya bi gaɓar teku kamar an yar da igiya. An fara tseren Formula 1 a cikinsa a watan Disamba na 2021. Tsawon zagaye ɗaya kilomita 6 ne da ɗan ɗoriya, da kwana 27, kuma sau 50 ake zagayawa, jimla kilomita 308. Ranar Lahadi 19 ga Maris, da ƙarfe takwas na dare, fitilu sun mai da wurin kamar rana tsaka, motoci ashirin suka jeru bibbiyu. Jajayen fitilu biyar suka kunnu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan suka mutu gaba ɗaya. Abin da ya biyo baya, a ƙirji na fara jinsa kafin ya iso kunne.

Mai karatu zai yi zaton ɗan kallo yana ganin tsere. To, ba ya gani. Inda hanya ta miƙe motocin suna wuce kilomita 300 a awa, kafin ka juya wuya ka ce ga ja ga shuɗiya, sun ɓace, sai ƙauri na roba da suka bari. Wane ne gaba, wane ne baya, sai dai a duba babban allon majigi da aka kafa, kamar wanda ke zaune a gida. Da na ga idona ba zai iya bin motocin ba, sai na bar su na koma kallon abin da ke tsaye wuri ɗaya, kuma a nan ne tikitin ya biya kuɗinsa.

Tsakanina da titin akwai katangar kankare, a kanta ragar ƙarfe da ta fi tsayin mutum biyu, ta rankwafo ciki don ta tare duk abin da ya fallo. A bakin kwanoni an jera wasu tubala masu laushi da za su shanye karo. Kowane ɗan taƙi akwai mutane cikin kaya masu ruwan goro, da tutoci da tukwanen kashe gobara a hannu. Akwai motar likita, akwai jirgi mai saukar ungulu yana jira. Babu akuya, babu mai talla, babu ɗan acaɓa, kuma kowa gaba ɗaya ya nufa, ba mai zuwa ta gabansa. Direban kansa an ɗaure shi da bel a kujera, ga hular kwano, ga riga da wuta ba ta saurin ci, ga wani baka na ƙarfe a saman kansa wanda aka wajabta tun 2018. Tayar da ya yi 'yan zagaye da ita, in ta fara cinyewa, mutum wajen ashirin ne za su rufar wa motar su sauya duka huɗun cikin daƙiƙa biyu ko uku.

Kafin a kai rabin tseren, motar wani ɗan Kanada, Lance Stroll, ta lalace. Ya lallaɓa ta gefe ya tsaya, bai ma tare hanya ba. Duk da haka nan take tutoci rawaya suka tashi, wata mota mai fitila a ka ta fito ta shiga gaba, sauran duka suka bi ta a layi kamar ɗaliban firamare, ba mai wuce wani. Wanda ya sha wahala ya ba abokan hamayyarsa rata, ratar ta tafi a banza, kuma dole ya haƙura, har sai da aka kawar da motar. Mutanen da ke kusa da ni suna ta gunaguni an ɓata musu kallo. Ni kuwa tunanina ya tafi kan tirelar da takan mutu a tsakiyar hanya bayan Tudun Wada, ta kwana biyu a wurin, alamarta kawai ɗanyen ganye da yaron mota ya karyo ya zuba a kwalta, wanda kafin magariba iska ta kwashe shi.

Wannan tsari da jini aka saye shi. A Le Mans ta ƙasar Faransa, a 1955, mota ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da tamanin suka mutu, har ƙasar Suwizalan ta hana irin wannan tsere a cikinta. A 1994 a Imola ta Italiya, direbobi biyu suka mutu cikin kwana biyu a jere, na biyun shi ne Ayrton Senna ɗan Birazil, wanda sau uku yana zama zakaran duniya. Kowace mutuwa sai an zauna an bi diddiginta, a gyara kwanar, ko katangar, ko motar. Shi ya sa a 2022, a wannan fage na Jidda, Mick Schumacher ya daki katanga motarsa ta yi kaca-kaca, aka kai shi asibiti a jirgi, aka sallame shi a daren.

Mu ma muna da fagenmu. Ya fara daga Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Doguwa ya nufi Saminaka. Masu tsere a cikinsa 'yan Golf ne da 'yan Sharon, da tayar Beljiyam wadda wani ya gama cin amfaninta a Turai. Bambancin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: direban Jidda shi kaɗai ne a motarsa, shi ya zaɓi sana'ar, an kuma biya shi. Namu kuwa yana da biyu a gaba, huɗu a baya, da jariri a cinya, da buhun masara a but, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya biya kuɗin mota don a yi tsere da shi.

Ba na so in zalunci direbobinmu, da yawansu 'yan'uwana ne. Mai mota yana jiran balas da yamma, ko an samu lodi ko ba a samu ba, don haka sawu biyu ya fi ɗaya. A shekarun da 'yan fashi suka addabi Falgore kuwa, fasinjoji da kansu ke roƙon direba ya taka, kada duhu ya riske su a daji. Fashin ya lafa, ƙafar ta saba. Kuma in ana maganar gwaninta tsagwaronta, wanda ke kauce wa rami da saniya da tanka a lokaci guda, da fitila ɗaya, ba na jin Baturen da na gani a Jidda zai karɓi motarsa ya kai ta Saminaka.

Sergio Perez ɗan Meziko ne ya ci tseren, cikin awa ɗaya da minti 21, tazarar da ta zarce daga Kano zuwa Kaduna. Abokin aikinsa Max Verstappen, wanda ya tashi daga na 15, ya zo na biyu. Aka yi wasan wuta a kan teku, muka fito.

Bayan salla muka dawo gida. Daga Kano muka shiga Sharon, ni da mahaifina a kujerar tsakiya. Mun wuce Tudun Wada kaɗan sai direbanmu ya hango wani abokinsa a gaba, ya danna masa oda, wancan ya ƙi ba da hanya. Suka jera a kan kwana, kowa na dariya. Wata dattijuwa a baya ta ce, "Ɗan nan, don Allah a hankali, da marayu na bari a gida." Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, shekarata goma sha biyu a hanyar nan." Mahaifina ya ciro carbin da ya sayo a Madina. Ni kuma na laluba gefen kujera ina neman bel, na tarar an yanke shi an ɗaure ƙofar but da shi.