Hanyar Dunedin: Tsokaci a Kan Hukuncin 'Yan Kallo a Wasan Besbol

A gaɓar tekun yammacin jihar Filorida ta Amurka akwai wani ƙaramin gari mai suna Dunedin. Tun 1977, shekarar da ƙungiyar besbol ta Toronto Blue Jays ta fara wasa, a nan take atisayen share fagen kowace kaka, a nan kuma take renon yaran da ta ɗauko daga makaranta. Amma a bakin magoya bayanta sunan garin yana da ma'ana ta biyu. Idan aka ce an tura gwani Dunedin, to, al'amari ya ɓaci, an mayar da malami ajin 'yan koyo ke nan. Manyan masu jifa uku na ƙungiyar sun bi wannan hanya: Roy Halladay a 2001, Ricky Romero a 2013, da Alek Manoah a 2023. Saukar na ukun ta faru ina zaune a Toronto, kuma muhawarar da ta haifar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ta nuna mini yadda jama'a suke yanke wa mutum hukunci a ranar da gwanintarsa ta guje masa.

Wajibi ne a ɗan fayyace aikin mai jifa ga wanda bai saba da wasan ba. Yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, tsakaninsa da mai bugu mita 18 da 'yan kai, ya jefa ƙwallo mai girman lemo da gudun da kan kai kilomita 150 cikin awa. Ana son ƙwallon ta ratsa wani fili na iska wanda faɗinsa bai wuce santimita 43 ba, tsayinsa kuma daga gwiwar mai bugu zuwa kusan ƙirjinsa. In ta kauce sau huɗu, mai bugu ya sami wucewa kyauta. In ta shigo tsakiya sosai, ya narka mata sanda ta bar fili. Tsakanin gwani da wanda za a kora, sau da yawa, faɗin yatsu uku ne kawai. Ma'aunin da aka fi auna mai jifa da shi kuwa shi ne matsakaicin makin da ake ci a hannunsa cikin zagaye tara: ƙasa da 3 gwaninta ce, sama da 5 alamar matsala.

A kakar 2022 ma'aunin Manoah 2.24 ne. Ya ci wasa 16, aka cinye shi 7, ya zo na uku a zaɓen lambar Cy Young, wadda ake bai wa gwarzon masu jifa, alhali shekarunsa 24. Ƙato ne, tsayinsa ya kusa mita biyu, ga baki, ga tsokanar abokan hamayya, kuma Toronto ta so shi saboda wannan izza. Shi aka bai wa ƙwallo ranar buɗe kakar 2023. Wasa 13 bayan haka ma'auninsa ya hau 6.36. A 2022 mutum 51 ya bai wa wucewa kyauta cikin zagaye kusan 197. A 2023 ya ba 42 cikin zagaye 58 kacal. Ranar 5 ga Yuni, Houston Astros ta ci maki shida a hannunsa bayan ya fitar da mai bugu ɗaya tak, 'yan kallon gida suka raka shi da ihu. Washegari aka tura shi Dunedin, rukunin da yake ƙasa da dukkan ƙananan rukunonin Amurka, inda samari 'yan shekara sha takwas suke koyon sana'a. A wasansa na farko a can yaran suka ci maki 11 a hannunsa kafin ya kammala zagaye uku. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

A makonnin da suka biyo baya, duk inda na zauna, shagon aski ne ko jirgin ƙasa ko shirin rediyo na kiran waya, magana ɗaya ce, kuma na lura masu yin ta sun kasu uku. Kashi na farko suna cewa lallai akwai ciwon da ake ɓoyewa, domin hannu ba ya manta aikinsa cikin wata shida haka siddan. Kashi na biyu suna kawo lissafi: a 2023 aka shigo da agogon jifa, wanda ya bai wa mai jifa daƙiƙa 15 in babu abokin hamayya a kan tasha, 20 in akwai, Manoah kuwa mai jan lokaci ne, ga shi kuma ya yi jifa a 2022 fiye da yadda ya taɓa yi a rayuwarsa. Kashi na uku, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya, suna cewa ƙiba ce, girman kai ne, yabo ne ya shiga kansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne halayen da kashi na uku suke zargi su ne dai halayen da suka yaba bara. Izzar da aka kira jarunta a 2022 ita aka kira rashin kunya a 2023. Mutumin yana nan yadda yake, lambobi ne suka juya, fassarar halinsa ta bi su.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya kalli ƙungiyar tun zamanin da ta ɗauki kofin duniya a 1992 da 1993, yakan yi gardamar nan da 'yarsa a bakin ƙofa. Hujjarsa guda ce, Halladay. A 2000 ma'aunin Halladay ya kai 10.64, abin da ya shiga tarihi don muni. Aka mayar da shi Dunedin a farkon 2001, wani malamin jifa mai suna Mel Queen ya rushe salonsa ya sake gina shi, ya sassauto masa da hannu daga saman kai zuwa gefe. A 2003 ya ci wasa 22 ya ɗauki lambar Cy Young, ya sake ɗauka a 2010 tare da Philadelphia Phillies. 'Yar kuwa takan ce, "Baba, ka manta Romero ne?" Romero ya shiga jerin taurari a 2011 da ma'auni 2.92, ya rikito zuwa 5.77 a 2012, aka tura shi Dunedin a watan Maris na 2013. Bayan wannan shekara bai sake jifa a babban rukuni ba, gwiwoyinsa ma sai da aka yi musu tiyata. Gari ɗaya, ƙungiya ɗaya, ƙarshe biyu. Uba da 'ya kowa ya zaɓi tarihin da ya dace da abin da zuciyarsa ta riga ta yanke, kuma ba na jin ɗayansu ya fi ɗaya gaskiya. Misali ba annabci ba ne. Halladay ya nuna ana dawowa, Romero ya nuna ba kowa ke dawowa ba, babu wanda ya faɗi komai game da hannun mutum na uku.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa bambanci tsakanin "ya ji rauni" da "ya gaza" zaɓin kalma ne kurum. A dokar wasan bambanci ne na kuɗi da shekarun rayuwa. Kowace ƙungiya tana da mutum 40 a rajista, 26 daga ciki ne suke tare da babbar ƙungiya. Tana da ikon saukar da matashin ɗan wasa zuwa ƙananan rukunoni a kakanni uku ba tare da neman yardarsa ba, sai wanda ya cika shekara biyar a sama ne yake da ikon ƙi. Wanda aka saukar, agogon shekarun aikinsa yana tsayawa, kuma albashinsa kan ragu ƙwarai idan bai riga ya sami doguwar kwangila ba. Wanda aka sa a jerin masu rauni kuwa, albashinsa yana tafiya, kwanakinsa ana ƙirga masa. Kwana 172 ne shekara guda. Shekara uku ke ba shi damar yin ciniki kan albashi a gaban mai sasantawa, shida ke ba shi 'yancin zaɓar ƙungiyar da yake so. Mafi ƙarancin albashi a babban rukuni a 2023 dala 720,000 ne, amma babbar dukiyar tana bayan shekaru shidan nan, kuma da yawa hannunsu kan ƙare kafin su kai. Don haka sunan da aka raɗa wa matsalar mutum shi ne zai nuna ko zai girbi abin da ya shuka. Hukumar wasan kanta ta san nauyin suna: har zuwa 2018 "jerin naƙasassu" ake cewa, a 2019 aka mayar da shi "jerin masu rauni" bayan masu kare haƙƙin naƙasassu sun nuna rashin dacewar kalmar.

Tarihin besbol yana da mutum biyu da sunayensu suka zama kalmomi, kuma a ganina su ne mabuɗin wannan muhawara. Tommy John, mai jifan Los Angeles Dodgers, jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke a 1974. Likita Frank Jobe ya ciro wata jijiya daga ɗaya hannun ya dasa masa, ya dawo ya ci ƙarin wasa 164. Yau da sunansa ake kiran tiyatar. Steve Blass na Pittsburgh Pirates shi ya jefa wasan ƙarshe da ya ba ƙungiyarsa kofin duniya a 1971. A 1973, ba tare da wani ciwo da likita ya gano ba, ya kasa saita ƙwallo, ya bar wasa a 1975. Yau da sunansa ake kiran cutar rasa saiti. Ɗaya ya zama sunan magani, ɗaya sunan annoba. Wanda aka ce za a yi masa tiyatar Tommy John, 'yan kallo sukan yi masa fatan sauƙi, su ƙirga masa wata goma sha biyu zuwa sha takwas, su jira. Wanda aka ce ya kamu da cutar Blass, sai a fara tone-tonen zuciyarsa da tarbiyyarsa. Ciwon da hoton asibiti ya nuna yana jawo tausayi. Wanda bai fito a hoto ba, mai shi ne ake tuhuma.

Na ga wannan sauyi a kan Manoah. An dawo da shi a watan Yuli na 2023, aka sake saukar da shi a watan Agusta, bai ƙara jifa ba a kakar, zargi ya ƙaru. A 2024 ya fara kaka da ciwon kafaɗa, ya yi wasa biyar waɗanda suka ɗan farfaɗo da fata, sai ranar 29 ga Mayu ya bar fili da ciwon gwiwar hannu, aka yi masa tiyatar jijiya a watan Yuni. Nan take harshen jama'a ya yi laushi. Kashi na farko suka ce, ai mun faɗa. Amma tsinkewar jijiya a 2024 ba hujja ba ce cewa ita ta ɓata jifan 2023, kamar yadda ba hujja ba ce cewa ba ita ba ce. Abin da wuƙar likita ta sauya shi ne ta bai wa mutane izinin tausayi. Sai da aka yanka shi kafin a yafe masa, kuma wannan sharaɗi ne da bai kamata a gindaya wa ɗan Adam ba.

Ba ina cewa 'yan kallo su yi shiru ba. Sun biya kuɗin kujera, kaka wasa 162 ce, kuma wasan da aka yar a watan Yuni yana iya hana ƙungiya zuwa zagayen kofi a watan Oktoba. Wanda ya ce a cire Manoah daga jerin masu jifa ya faɗi gaskiya, lambobi sun mara masa baya, ƙungiyar ma haka ta yi. Inda nake jan layi shi ne tsallakawa daga "jifansa ya lalace", wanda kowa ya gani, zuwa "mutumin banza ne", wanda babu wanda ya gani daga kujera ta hawa na biyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wani lokaci ma shi kansa sai ya nema. A bazarar 2023 dai, a Filadelfiya, birnin da ya yi suna wajen yi wa 'yan wasansa ihu, Trea Turner yana fama da mummunar kaka a shekarar farko ta kwangilar dala miliyan 300. Ranar 4 ga Agusta 'yan kallo suka miƙe tsaye suka yi ta tafa masa duk lokacin da ya fito bugu, kuma ya ƙarasa kakar da gwaninta. Tafi ba ya ɗinke jijiya, kuma ba zan ce shi ya gyara masa bugu ba. Darasin shi ne taron jama'a yana da zaɓi, ihu ba wajibi ba ne.

A watan Satumba na 2025 Toronto ta cire Manoah daga rajistarta, Atlanta Braves ta ɗauke shi. Makonni kaɗan bayan haka Toronto ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya ba tare da shi ba, Dodgers ta doke ta a wasa na bakwai. Ƙungiya ta ci gaba, kamar yadda ƙungiyoyi suke yi, muhawara kuma ta koma kan wasu hannaye. Hanyar Dunedin tana nan a buɗe, kuma wani gwanin da ake tafa wa yau zai bi ta, domin komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ranar da ya faɗo, mai kallo yana da haƙƙin cewa jifa ya ɓaci. Sauran maganar, wadda ta shafi zuciyar mai jifan da darajarsa, ta fi ƙarfin abin da kuɗin tikiti ke saya.