Magani biyu a leda ɗaya

Ni ne ɗan bokon gidanmu, shi ya sa da Baba ya fara kukan zafin ƙirji da murɗawar ciki, ni aka tambaya. Ban yi wata-wata ba na ce olsa ce, yunwa da yaji suka jawo ta. Na hana Inna zuba barkono a miya, na riƙa sayo madara da omeprazole daga kemis. Da ya sha ya ji dama-dama sai a yi ta sa mini albarka, kaina na ƙara girma.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, a cikin ledar nan nake haɗo masa diclofenac saboda ciwon gwiwa. Ashe shi da 'yan uwansa, su ibuprofen da asfirin, raunana majinar da ke kare bangon ciki suke yi, har asid ya samu wurin ci. Madarar ma ɗan lafar da zafi take yi, can anjima ta sa ciki ya ƙara zubo asid.

Ranar da Inna ta ce bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga jiri na ɗibarsa, muka garzaya asibiti. Sai da aka ƙara masa jini. Aka zura masa siririyar na'ura mai kyamara ta baki, aka ga gyambon yana tsatsafo da jini. Da na gama lissafa magungunan da yake sha, likitar ta dube ni ta ce, "Malam, wa ya rubuta masa?" Na sunkuyar da kai.

Gwaji ya nuna ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ita da waɗancan magunguna su ne kan gaba wajen haddasa gyambon ciki. Barry Marshall da Robin Warren ne suka gano ta a Ostareliya a 1982. Marshall har shan ta ya yi da gangan a 1984 don ya rufe bakin masu musu, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Duk an yi wannan tun tuni, ni ina nan ina tuhumar barkono.

Maganin na kwana 14 ne: kala biyu masu kashe ƙwayar cuta, haɗe da omeprazole ɗin dai. Na durƙusa na ba Baba haƙuri, ya ce, "Tashi, ai taimako ka yi nufi." Likita ta soke diclofenac, ta ce mu dawo bayan wata guda da gama maganin a gwada bayan gida, amma ya dakata da omeprazole mako biyu kafin nan, don yana ɓoye ƙwayar.