Da Ranar Wahala Ake Auna Waya

A da, idan magidanci ya tashi sayen jaki a kasuwar dabbobi, ba ƙyallin gashinsa yake fara dubawa ba. Baki yake buɗewa ya ga haƙora, ya ɗaga kofato, ya shafa gadon baya ko akwai tsohon miki, domin ya san dabbar nan ita za ta ɗauko ruwa daga rijiya, ta kai hatsi kasuwa, ta kuma dawo da itace kafin magariba. Mai sayen dokin hawan salla kuwa ma'auninsa daban ne. To, wayar salula ta yau ta gaji matsayin dabbobin nan biyu a lokaci guda, shi ya sa mai saye yakan ruɗe: idonsa na bin dokin hawa, alhali aikin da ke jiransa a gida na jaki ne.

Wannan ruɗani shi ya sami wani malamin tarihi da ke koyarwa a wani kwaleji na Damagaram, wanda kuma shi ne magatakardan wata ƙaramar ƙungiyar raya al'adu ta unguwarsu. Wayarsa ba ta san hutu ba. Tun da asuba saƙonnin hukumar makaranta da na iyayen yara ke shigowa ta WhatsApp. A aji, da ita yake ɗaukar hoton shafukan littafi guda ɗaya tak da ake da shi, ya rarraba wa ɗalibai. Da ita yake aika wa mahaifiyarsa kuɗi ƙauye, da ita yake jin labarai, ita ce kuma fitilarsa idan an ɗauke wuta yana tsakar gyaran takardun jarrabawa. Sa'an nan ranakun Asabar yakan hau babur ya bi ƙauyuka, ya zauna gaban tsofaffi yana naɗar tatsuniyoyi, da kirarin mafarauta, da waƙoƙin daka, da tarihin kafuwar garuruwa. Aikin da masu binciken cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda aka kafa a 1968, suke yi da manyan rakodoji da faya-fayai, shi yake yi da abin da bai fi tafin hannu ba. Bayan shekara 4 tana wannan bauta, batirin wayar ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Aka yi sa'a kwasar adashinsa ta zo, jaka 95 cif, sai shawara ta tashi a fadar da suke shan shayi da dare.

Ƴan fadar suka rabu gida uku. Na farko suka ce ya ƙara kaɗan ya sayi iPhone ta hannu, irin waɗanda ake kawowa daga Kano ko Dubai, domin ita ce wayar manya, hotonta kuma ba na biyu. Na biyu suka tsaya a kan Samsung, musamman jerin Galaxy A, suna cewa sunan da ya daɗe ba banza ya daɗe ba. Na uku kuwa suka ce me zai kai shi nesa, ga Tecno da Infinix da Itel a kowane shago na kasuwar Dole. Kowa na magana da gaskiyarsa, amma kowa wayar da ke aljihunsa yake karewa, kamar yadda uba ke kare ɗansa a gaban alƙali.

Malamin bai yi musu da kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya sauya tambayar. Maimakon ya tambayi wace waya ta fi kyau ranar da aka buɗe kwalinta, sai ya tambayi wacce za ta tsaya masa ranar da kome ya ɓaci. Ranakun wahalar waya a ƙasar nan kuwa sanannu ne.

Ta farko ita ce ranar zafi. Masu ƙera waya da kansu, har da Apple, suna rubuta cewa an yi na'urar ne don ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali a Afrilu da Mayu zafin Damagaram da Tawa da Maraɗi yakan haura 40 a inuwa. Batirin litiyom ba shi da maƙiyi kamar zafi, kuma ko ba zafi, bayan an cika shi an zazzage sau ɗaruruwa, ƙarfinsa raguwa yake. Apple ta ce batirin wayoyinta har zuwa iPhone 14 an tsara shi ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan caji 500. Mai cajin waya kullum zai cika wannan adadi kafin shekara biyu. Ke nan wanda ya sayi waya ta hannu mai shekara 3 ko 4, ya sayi tsufan da wani ya tara ne, komin sheƙin bayanta.

Ta biyu ita ce ranar rashin wuta. Babu wanda ya manta watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, wutar da a lokacin ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi, kuma ba a maido ta ba sai a Maris na 2024. A watannin nan mutane suka gane cewa lambar da ta fi kowace muhimmanci a jikin kwali ita ce ta girman batir. Yawancin wayoyi masu matsakaicin kuɗi a yau suna zuwa da mAh 5000, wasu har 6000, kuma a ƙauyen da cajin waya sai an kai wa mai faranti na hasken rana an biya, bambancin wuni guda da wuni biyu kuɗi ne tsabarsu.

Ta uku ita ce ranar da rezo ya ɓace. Wanda ke yawon ƙauyuka ya san inda Airtel ke kamawa ba lalle Moov Africa ko Zamani Telecom ko Niger Telecom su kama ba, haka kuma akasin wannan. Waya mai ɗaukar layi biyu ba alatu ba ce a nan. Wannan shi ne sirrin da kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya gano tun da ya fara da Tecno a 2006: layi biyu, batir mai jimiri, da kyamarar da aka daidaita da baƙar fata. Da haka ya zama kan gaba a cinikin waya a Afirka. Ita kuwa iPhone, yawancinta gurbin layi guda gare ta, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ma tun daga 2022 ba su da gurbin sam, kuma babu wadda ke karɓar katin ajiya. Nan malamin ya sallami shawarar farko, cikin girmamawa.

Saura biyu, kuma a nan ne zaɓin ya yi tsanani, domin Samsung na da hujja mai nauyi. A 2024 kamfanin ya yi alkawarin shekara 6 na sabunta manhaja ga Galaxy A16, wa'adin da ƙananan wayoyin abokan hamayyarsa ba su saba kaiwa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Oktoba na 2023 WhatsApp ta daina aiki a kan wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, mutane suka wayi gari da waya lafiya lau a hannu amma ƙofar zumunci ta rufe. Waya takan mutu ta jiki, takan kuma mutu ta manhaja. Sai dai A16 ta zo ba ramin abin sauraro, shi kuwa malamin ta wannan rami yake sa ƙaramin makirufo mai igiya da yake maƙala wa tsofaffi a wuyan riga, don kada iska da kukan awaki su cinye muryarsu.

Wanda ya warware masa sauran kullin wani tsohon ɗalibinsa ne, mai gyaran waya a wata rumfa ta bakin kasuwa. Da ya gama gaishe shi, sai ya jawo akwatin kayan gyara ya buɗe masa.

Ya ce, «Mushe, kada ka tambayi mai shago, shi sayarwa yake. Dubi nan. Wayar da ka ga gilashinta da batirinta da bakin cajinta a cikin akwatin nan, idan ta faɗi da safe, da la'asar tana hannunka. Wadda babu, sai mun aika Kano ko Yamai, ka yi sati biyu kana jira.»

Malamin ya ce, «To, ɗana, wannan da aka rubuta ram 8 da ƙarin 8 fa?»

Yaron ya yi murmushi ya ce, «Takwas ɗin farko ne na gaskiya, Mushe. Na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, ba ya da saurin na asali. Kuma kome za ka saya, ka danna *#06# ka ga ko lambar da ta fito ta yi daidai da ta kwali.»

Wannan ita ce ranar wahala ta huɗu, ranar faɗuwa, kuma babu wayar da ke tsere mata. Ƙurar hunturu na toshe bakin caji, gumi na shiga, babur na zubar da mai shi a rairayi. Darajar waya a irin wannan rana tana hannun mai gyaran da ya fi kusa.

Akwai kuma abin da ya fi wayar kanta tsada, wato abin da ke cikinta. Ƴan ƙungiyar ba su manta da wani abokin aikinsu ba, wanda ya naɗi wata tsohuwa tana rera waƙoƙin aure na dauri har wuni uku, wayar ta faɗa ruwa da damina, tsohuwar kuma ta rasu kafin kaka. Waya ana sake saye, amma wannan murya ba ta da kasuwa. Saboda haka malamin ya ƙudura cewa duk wadda zai ɗauka, sai mai gurbin katin ajiya daban da na layukan biyu, domin a wasu wayoyin dole mutum ya zaɓa tsakanin layi na biyu da kati. Ya kuma yi lissafi: awa guda na bidiyo mai kyau na iya cin giga 5 ko fiye, awa guda na murya kuwa bai kai kashi 1 cikin 50 na wannan ba. Giga 15 da Google ke bayarwa kyauta ba za su ɗauki bidiyo mai yawa ba, amma za su ɗauki muryoyin tsofaffin gari guda.

A ƙarshe Tecno ya saya, mai giga 128, a kan kuɗin da bai cinye adashin duka ba. Da canjin ya sayi katin ajiya, da batirin ko-ta-kwana, da riga mai kauri, da gilashin kariya. Ya san abin da ya bari: wa'adin sabuntawa mai tsawo, ga kuma ƴan manhajojin talla da sai ya zauna ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Malamar lissafi ta makarantarsu, wadda ba ta yawon ƙauye kuma take son waya ta kai mata shekara biyar, Samsung ta ɗauka a watan, kuma ita ma ta yi daidai, domin ranar wahalarta ba irin tasa ba ce.

Abu guda ne babu wanda ya ambata a fada, babu kuma mai shagon da ya taɓa tallata shi. Kafin ya bar rumfar, malamin ya shiga madannin Gboard ya ƙara harshen Hausa, ya gwada ɓ da ɗ da ƙ, ya kuma nemo ƴ, harafin da ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 ta tanada a inda Najeriya ke sa y mai waƙafi a gabanta. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wannan gwaji ya wajaba a kan kowane malami, domin ɗalibin da ya saba ganin malaminsa na rubuta kasa a wurin ƙasa, da bari a wurin ɓari, haka zai rubuta a takardar jarrabawa. Haruffan suna nan a kusan kowace waya mai Android, mai tsada da mai araha, minti biyu kawai suke bukata.

Yanzu ƙungiyar ta kafa doka, an kuma rubuta ta a littafin taro: duk wanda ya naɗo murya ranar Asabar, kafin Juma'a sai ya kwafe ta a kwamfutar ƙungiya da kuma kati na biyu da ke ajiye wurin ma'aji, tare da sunan garin, da ranar, da irin abin da aka naɗa.