Lalibela: Inda Ake Gangarawa Kafin A Yi Sujada

Ƙarfe huɗu na asubar ranar Lahadi bai cika ba sa'ad da saurayin da ke yi mini jagora ya ƙwanƙwasa ƙofar masaukina. Sanyin Lalibela ya fi na hunturun Jos ratsa ƙashi, domin garin yana kan tsaunukan arewacin Habasha, kimanin mita 2,500 sama da teku. Muka bi wata siririyar hanya a cikin duhu, mutane na wuce mu maza da mata, kowa ya lulluɓa da farin mayafi, ba mai ce wa wani uffan. Wani taron ilimi ne ya kai ni Adis Ababa, na ƙara kwana biyu don in ga tarihi. Ban zaci zan dawo da tambayar da har yau take damuna ba.

Majami'u 11 ne a wannan gari, kuma babu wadda aka ɗora tubali a kan tubali wajen gina ta. Sassaƙa su aka yi daga jan dutse, aka faro daga sama ana yin ƙasa, sa'an nan aka rarake cikin, aka fitar da ginshiƙai da tagogi da ƙofofi. Ana danganta aikin ga Sarki Lalibela na daular Zagwe, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13. Mutanen garin suna cewa nufinsa ya gina sabuwar Urushalima bayan Salahuddini ya karɓe ta a 1187, shi ya sa har rafin da ya ratsa wurin suke kira Urdun. Hukumar UNESCO ta sa majami'un cikin kayan tarihin duniya a 1978. Mafi girmansu, Bete Medhane Alem, tsawonta ya haura mita 30. Wadda ta fi shahara kuwa, Bete Giyorgis, siffar gicciye gare ta, rufinta daidai yake da ƙasar da kake tsaye a kai. In kana son shiga, dole ka gangara ta wani matsattsen lungu da aka haƙa a dutse.

Wannan gangarawa ita ce darasi na farko. Ko'ina a duniya an saba ɗaga hasumiya don a hango ɗakin ibada daga nesa. A nan kuwa mai ibada ne yake saukowa, yana sunkuyar da kai, kafaɗunsa na gogar dutse, har ya iso ƙofa ya riga ya ƙanƙance.

A bakin ƙofar na tarar da tarin takalma. Ni Kirista ne, a majami'a na tashi, kuma na girma ina ɗauka cewa tuɓe takalmi a wurin ibada al'adar maƙwabtanmu Musulmi ce. Ga shi nan a wurin mutanen da Kiristanci ya kafu a ƙasarsu tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana na Aksum. Hujjarsu ita ce labarin da Littafi Mai Tsarki da Alƙur'ani duka suka kawo, na umarnin da aka yi wa Annabi Musa ya tuɓe takalmansa domin wurin da yake tsaye mai tsarki ne. Na tuɓe nawa. Sanyin dutsen ya hau mini tun daga tafin ƙafa, na ga wata tsohuwa ta sumbaci dogaran ƙofa, ta dafa goshinta a kai kafin ta shiga.

A ciki ba layukan kujeru irin namu. Maza na gefe, mata na gefe, tsofaffi sun dogara da dogayen sanduna da aka tanada don doguwar tsayuwa. Mawaƙa na rera yabo da harshen Ge'ez, wanda aka daɗe da daina magana da shi a kasuwa, bisa tsarin da ake dangantawa ga Yared na ƙarni na 6. Suna kaɗa wata 'yar kacau-kacau ta ƙarfe, ana buga babbar ganga a hankali, kamar bugun zuciyar mai barci. Da aka shiga ainihin sujadar Jibin Ubangiji sai aka ajiye gangar, ya rage muryoyi da hayaƙin turare kawai.

Idon kowa yana kan wani labule. A bayansa ne ake ajiye abin da suke kira tabot, wato kwatancin allunan dokokin da ke cikin Akwatin Alkawari. Kowace majami'arsu tana da nata, kuma ginin da ba shi da tabot ba majami'a ba ne a wurinsu. Firistoci ne kaɗai ke ganinsa. Ko a bikin Timkat na watan Janairu, da ake fito da shi a bainar jama'a, a naɗe yake cikin ƙyalle a bisa kan firist. Mutumin da ke kusa da ni ya kai goshinsa ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. Ban fahimci ko kalma ɗaya daga abin da ake rerawa ba, amma na fahimci cewa waɗannan mutane sun gaskata akwai Wanda suke tsaye a gabansa, kuma ba tsaransu ba ne.

A nan ne hankalina ya komo gida. Na tuna safiyar Lahadi a yawancin majami'unmu: janareta na ruri, lasifika na tsaga kunne, waya na ƙara a tsakiyar addu'a, sanarwar masu ba da gudummawa ta fi karatun Littafi tsawo, mai wa'azi kuma yana ba Ubangiji umarni kamar yaron gidansa. Hausawa suka ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum. Ina tsoron kada sabo ya kai mu ga raina Wanda ko Annabi Ishaya da ya hango ɗaukakarsa sai da ya yi kukan halaka saboda ƙazantar leɓunansa.

Ba ina cewa Habashawa sun gama komai ba. Da lokacin karɓar Jibin ya yi, yara da tsofaffi ne galibi suka matsa gaba. Majiya ƙarfi da yawa sun tsaya a baya, wasu ma a waje, suna ganin ba su cancanta ba. Wannan ya sosa mini rai, domin Linjila ta gaya mana labulen Haikali ya tsage a ranar da aka gicciye Almasihu, aka buɗe hanya ga mai zunubi. Tsoron da ke hana ɗa kusantar mahaifinsa shi ma rashi ne. Haka kuma ba na ƙin murnar da ke cikin sujadarmu. Wanda ya taɓa jin matan zumunta suna waƙa da tulu da kacau-kacau ya san akwai albarka a cikinta. Abin da nake tambaya shi ne, shin a cikin awa uku da muke yi, akwai minti biyar da muke yin shiru don mu tuna a gaban Wa muke? 'Yan'uwana Musulmi suna da kalmar khushu'i, kuma na san malamansu ma suna kukan ƙarancinsa a wannan zamani na waya a aljihu.

Gari ya waye kafin a sallame mu. Na hauro daga ramin, ƙafafuna sun yi tsami, na zauna a bakin dutse ina ɗaura takalmi. Lahadin da ta biyo bayan dawowata, na isa majami'armu da wuri, na kashe wayata tun daga ƙofa, na zauna shiru kafin a tayar da janareta. Wani dattijo ya leƙo, ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, Baba, gaisuwa na zo yi.