Gaya: Inda Ake Koyon Sassaƙa a Gindin Giginya

Matafiyin da ya bar Yamai ya nufi kudu, da zarar ya wuce Doso zai ga ƙasa ta fara sauya kama, itatuwa suna ƙara tsawo da duhu, har ya isa Gaya bayan tafiyar kusan kilomita 300. Garin yana bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, daura da Malanbil ta ƙasar Binin, kuma yankinsa ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara. Dandawa da Cangawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani duk suna cuɗanya a kasuwarsa. Amma abin da ya kai mu can, ya ku masu karatu, yana wajen gari ne, wato dazuzzukan giginya na Dallol Mawri da na gaɓar kogi, waɗanda faɗinsu ya kai kimanin hekta 30,000, wajejen Bana da Bengu da Tunuga.

Bahaushe ya yi wa giginya shaidar rowa da ya ce inuwarta na nesa ka sha. A nan kuwa na gindinta ma yana sha. Ana cin ƴaƴanta, ana dafa muruci, ana saƙa tabarma da mafici da ganyenta, ana tsaga gangar jikinta a fitar da azarar da ta riƙe rufin sorayen Damagaram da Kano tun kaka da kakanni, domin gara ba ta cika yi mata illa ba. Sandar kari kuma, wato doguwar maƙamar da ke riƙe da ganye, da ita ake ƙera kujeru da gadaje da ƙananan tebura.

Yaron da aka kai koyon wannan sana'a ba da guduma yake farawa ba. Daji ake tura shi ya tsinto karin da ya bushe ya faɗo da kansa, ya koyi bambanta wanda ya ƙosa da wanda ruwa ya ruɓar ko ƙwaro ya huda. Gefen sandar yana da baƙaƙen haƙora masu kaifi kamar na zarto, saboda haka aikinsa na biyu shi ne ya feƙe su da adda, ya kankare bayan har ya yi santsi. Sai hannunsa ya faɗa sannan a bar shi ya yi awo. Tun da babu sanda biyu da suka zo daidai, wata ta fi kauri a gindi, wata ta ɗan lanƙwashe, mai koyo kan jera su a ƙasa ya yi ta sauya musu wuri, ya ware masu kauri don ƙafafu, ya bar masu lanƙwasa don majingina. A ganina nan ne gwanintar take. Kafintan birni yana sayen katakon da injin ya miƙar masa, shi kuwa wannan dole ya bi halin icen da ya samu.

Aikin gangar jiki ya fi wuya, kuma sai wanda ya daɗe ake sakar wa. Giginya tana da namiji da tamata, masassaƙa kuma sun fi son namijin saboda ya fi tauri. Ƙarfin icen a bayansa yake, tsakiyarsa kuwa taushi gare ta, ba ta ɗaukar nauyi. Baƙaƙen jijiyoyinsa suna dakushe zarto da gizago, suna kuma yi wa hannu sartse mai zafi. Wanda ya buga ƙusa kai tsaye zai tsaga icen, sai an fara huda gurbi tukuna.

Daga ina ake samun icen? Doka ta kare giginya a Nijar, ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma dokar daji ta 2004 ta ci gaba da tsaron irin waɗannan itatuwa. A shekarar ce kuma aka sanya Dallol Mawri cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tun kafin nan, cikin shekarun 1990, an yi wani shiri da tallafin ƙasar Suwizalan wanda ya damƙa wa ƙauyuka hannu a kula da giginyarsu, bayan an lura tsofaffi suna ƙarewa, ƙanana ba sa tasowa. Dalilin a fili yake. Ana tone ƙwallon da ya tsiro don muruci, ana yanke ɗanyen kari daga ƴan giginyun da ba su kai ko'ina ba, alhali itace ce mai jinkiri, wadda kan yi shekaru masu yawa kafin ta isa azara. Shi ya sa mai sana'ar kirki yake neman icensa a wurin da ba ya rage daji: giginyar da iska ta kayar, tsohuwar azarar da aka zare daga ɗakin da ya rushe, katakon kwale-kwalen da ya gama aiki a kogi. Tsohuwar azara ma ta fi, don ta riga ta bushe sarai, ba za ta sake motsi ba, illa dai a kankare laka da baƙin hayaƙin da ta sha.

Magidancin da ke son kai ɗansa koyo ya fara duba tarin icen mai gidan da zai kai shi. In ya ga kari kore shar an jingine shi a rana, to daga jikin rayayyiya aka yanko shi, ya nemi wani wurin. Haka ma mai saye, ya ɗaga kujerar ya girgiza ta, ya duba ko an huda gurbin ƙusa, ya shafa gefen sanduna ko an bar ƙaya da za ta yagi zanen uwargida ko ta soki yaro. Gadon kari ba shi da nauyi, mutum biyu sun isa su fitar da shi tsakar gida a daren bazara, iska tana ratsa shi ta ƙasa. Da damina sai a mayar da shi ɗaki, a ɗora ƙafafunsa a kan dutse ko bulo don kada su sha laima.